Babi na Bakwai: Agogon da Aka San Hannun da Ya Ƙera Shi

A farkon shekarun 1990 wani saurayi ɗan Ingila mai suna Roger Smith ya sauka a Tsibirin Man, ɗan tsibirin nan da ke cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan, riƙe da agogon aljihu ɗaya tak da ya ƙera da hannunsa. Shekararsa 22. Ya kwashe wajen shekara ɗaya da rabi yana fama da shi a garejin gidan iyayensa a garin Bolton, yana bin wani littafi shafi bayan shafi. Marubucin littafin, George Daniels, shi ne mutumin da ya zo nuna wa aikin.

Daniels ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya miƙa masa abinsa. Agogon dai yana tafiya, amma a idon dattijon ko'ina a jikinsa ana ganin wahalar da mai shi ya sha. Shi kuwa a wurinsa aiki bai kai aiki ba sai an kasa gano inda magagari ya bi. Ya sallame shi a kan ya koma ya sake.

Smith ya koma gareji. Sama da shekara biyar yana yi yana rushewa, domin duk lokacin da ya ƙware a wani fanni sai ya ga abin da ya yi a baya bai yi masa ba. A 1997 ya sake tsallaka teku. Wannan karon Daniels ya daɗe yana dubawa, sannan ya shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya: wa ya yi gidan agogon, wa ya yi fuskar, wa ya yi hannuwan, wa ya yanka haƙoran. Amsar ba ta sauya ba, shi ne ya yi. Nan Daniels ya taya shi murna, ya shaida masa cewa yanzu ya zama maƙerin agogo. Shekara na zagayowa ya kira shi ya zo su yi aiki tare.

A watan Yunin 2023 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wannan agogo na biyu a birnin New York a kan dala miliyan 4.9. Ba shi da lu'ulu'u a fuska, kuma wajen riƙe lokaci agogon batir na 'yan kuɗi kaɗan ya fi shi. Abin da mai sayen ya biya shi ne sanin wanda ya yi aikin, da wanda ya koya masa, da wanda ya duba ya ce ya yi. A kan wannan ne kasuwar maƙera masu zaman kansu ta ginu.

Ranar da batir ya shigo

Agogon da ba ya cin batir ƙarfinsa yana fitowa ne daga wani siririn ƙarfe da aka naɗe cikin ɗan gwangwani. In an wana agogon sai ƙarfen ya ɗaure, yana warwarewa yana tura jerin ƙafafu masu haƙora har zuwa hannuwan da ke nuna lokaci. Da za a sake shi haka, nan take zai warware gaba ɗaya. Abin da ke riƙe shi wani ɗan linzami ne mai ƙaho biyu, ya kama haƙori ya saki, ya kama ya saki, bisa umarnin wani zobe da ke lilo hagu da dama. Wannan kamu da saki shi ne ƙas-ƙas ɗin da kunne ke ji, sau 5 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya a yawancin agogunan hannu. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba irin wannan agogo takardar shaidar inganci in bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ba, bai kuma yi gaggawar da ta wuce daƙiƙa 6 ba a rana.

Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko a kasuwa da ke aiki da batir da ɗan ƙanƙanen dutsen kwaz. Yen 450,000 aka sa masa, kusan kuɗin ƙaramar mota. Cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas. Dutsen da ke cikin agogon batir na yau yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, shi ya sa kuskuren da yake yi a wata guda agogon da ake wanawa kan yi shi cikin kwana biyu ko uku.

Suwizalan ta ji a jikinta. A 1970 ma'aikata kusan 90,000 ke cin abinci a sana'ar agogo a ƙasar. Kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 30,000. Kamfanoni kusan 1,600 suka ragu zuwa kimanin 600. Da yawa cikin waɗanda suka tsira sun tsira ne ta hanyar haɗewa su zama manyan rukunoni, kamar wanda Nicolas Hayek ya jagoranta, mai agogon roba na Swatch da ya fito a 1983. Ana cikin wannan ruɗani, a 1985, Svend Andersen ɗan Denmak da Vincent Calabrese ɗan Italiya suka kafa ƙungiyar AHCI domin maƙeran da ke aiki da sunansu, ba a inuwar kowane kamfani ba. Mutane ƙalilan ne, galibinsu masu gyaran tsofaffin agoguna da suka gaji da yi wa wasu aiki.

Mutumin da ya koya daga matacce

George Daniels ya riga ƙungiyar shiga fage. An haife shi a 1926, ya tashi cikin talauci a Landan, ya kuma fara gyaran agogo gadan-gadan lokacin da yake soja, yana gyara na abokan aikinsa. Bayan ya ajiye kaki ya sayi kayan aiki ya shiga makarantar dare. Babban malaminsa kuwa mutum ne da ya rasu tun 1823, wato Abraham-Louis Breguet, wanda ya buɗe shago a Faris a 1775 ya yi wa sarakunan Turai agoguna. Daniels ya shafe shekaru yana kwance agogunan Breguet yana gyarawa har ya zama ba wanda ya kai shi saninsu, ya rubuta musu littafi sukutum a 1975.

A al'adar sana'ar, agogo ɗaya kan bi ta hannun masu fannoni sama da talatin: mai gida daban, mai fuska daban, mai zane a kan ƙarfe daban, mai yankan haƙora daban. Daniels ya koyi 32 cikin fannoni 34, ya haɗa su a ɗaki ɗaya. Agogonsa na farko ya kammala shi a 1969, shekarar da Astron ya fito. Duk tsawon rayuwarsa agogunan da ya ƙera shi kaɗai tun daga ɗanyen ƙarfe ba su kai talatin ba.

Bai tsaya ga kwaikwayon na da ba. Linzamin da kusan kowane agogo ke amfani da shi wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, ya ƙirƙiro shi a tsakiyar ƙarni na 18, kuma aibinsa ɗaya ne: haƙora suna gugar duwatsun linzamin, dole sai da mai, man kuwa yana daskarewa da tsufa, lokaci ya kauce. A shekarun 1970 Daniels ya ƙirƙiro wani sabon linzami da ke tura zoben lilo kusan ba tare da guga ba. Ya yi ta yawo da shi kamfani-kamfani a Suwizalan ana jinjina kai ana sallamarsa, sai a 1999 Omega ya sa shi a agogunan kasuwa. A 2019 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da agogon aljihunsa mai suna Space Traveller a Landan a kan fam miliyan 3.6. Agogon yana nuna lokaci iri biyu a fuska ɗaya, na rana da na taurari, wanda yininsa ya gaza na rana da minti 3 da daƙiƙa 56.

Itacen daji da magagari

Kwarin Joux yana kan duwatsun Jura, kimanin mita 1,000 sama da teku, dab da iyakar Faransa. Ƙanƙara kan rufe shi watanni, shi ya sa tun ƙarni na 18 manoman wurin suka mayar da ɗakunan sama na gidajensu wurin yanka ƙananan kayan agogo a lokacin sanyi. Nan LeCoultre ya kafu a 1833, nan Audemars Piguet ya kafu a 1875. Nan kuma aka haifi Philippe Dufour a 1948, a ƙauyen Le Sentier, ya gama makarantar koyon sana'a ta kwarin a 1967.

Dufour ya yi aiki a manyan gidaje kafin ya buɗe shagonsa a 1978, yana gyaran tsofaffin agogunan aljihu masu wuyar sha'ani. A shekarun 1980 ya ƙera wa Audemars Piguet agogunan aljihu biyar masu buga ƙararrawa da kansu a kowace awa da kowane kwata. Sunan kamfanin ne a fuska, nasa bai fito ba. Wannan ya tsaya masa a rai. A bajekolin Basel na 1992 ya fito da irin wannan ƙararrawa a agogon hannu, abin da ba wanda ya taɓa yi, kuma da sunansa a jiki. A 1996 ya fitar da Duality mai zoben lilo biyu da ke raba kuskurensu tsakaninsu. Ya yi niyyar yin 25, guda 9 ya yi.

Amma agogon da ya mayar da shi abin kwatance shi ne mafi sauƙi a cikinsu, Simplicity, na shekarar 2000. Awa da minti da daƙiƙa kawai yake nunawa. A fuska ba abin da zai sa wanda bai sani ba ya waiwaya. Yadda mai idon babbar riga kan juya ta ciki ya duba bayan aikin kafin ya yarda ɗinkin hannu ne, haka ma'abota agogo ke kifa Simplicity su ɗora madubin ƙara girma a kan gilashin bayansa.

Abin da suke nema yana gefen farantan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun. Kowane gefe Dufour yakan fere kaifinsa da magagari har ya yi ɗan doro, faɗinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Daga nan ya bi shi da abin guga mai laushi, wani bayan wani, har sawun magagari ya ɓace. A ƙarshe ya ɗauko busasshen karan wani tsiro da ake kira gentian, wanda ke fitowa a duwatsun yankin, ya fiƙe shi, ya shafa masa garin goge ƙarfe, ya yi ta murzawa har gefen ya zama madubi. Inda gizo ke saƙar shi ne lungu, wurin da gefe biyu suka haɗu ta ciki. Bakin inji zagaye yake yi, saboda haka duk lungun da ya yanka sai ya fito da ɗan lanƙwasa. Lungu mai kaifi, wanda layi ɗaya siriri ya raba shi biyu, hannu ne kaɗai ke fitar da shi. Akwai kuma ƙananan ƙarafan da ake gogawa a kan faranti har su miƙe sarai, ta yadda in haske ya faɗa musu ta wani ɓangare su yi fari fat, in an ɗan karkata su yi baƙi ƙirin.

Ba ɗaya daga cikin wannan da ke ƙara wa agogon daidaito ko da daƙiƙa guda. Awanni ne na aiki da ba a iya ɓoye rashinsu.

Turawa ba su yi saurin ganewa ba, mutanen Japan ne suka fara. Cikin kimanin 200 na zubin farko, fiye da rabi can suka tafi, kuma ƙwararrun Seiko da ke ƙera agogon Credor Eichi a garin Shiojiri sun nemi shawararsa kan gogen ƙarfe. Kamfanin da ya kusa kashe sana'ar kwarin Joux ya dawo yana ɗaukar darasi wurin ɗan kwarin.

Kafin alƙalami irin na Breguet

François-Paul Journe hanyarsa daban. An haife shi a Marseille a 1957, makarantar agogo ta garin ta kore shi, ya koma Faris wurin kawunsa mai gyaran tsofaffin agoguna, ya ƙarasa karatu a can. Littattafan Daniels ne suka zame masa jagora har ya kammala agogon aljihunsa na farko a 1983, mai ɗauke da dabarar da ake kira tourbillon. Breguet ya yi wa wannan dabara rajista a 1801: ana sa linzami da zoben lilo cikin ɗan keji da ke juyawa a hankali, don kada nauyin ƙasa ya riƙa jan su ta gefe ɗaya.

Da Journe ya tashi kafa kamfaninsa a Jeniba a 1999 ba shi da jari, sai ya sake komawa ga Breguet. A ƙarshen ƙarni na 18 Breguet ya riƙa karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin agogo kafin ya fara ƙera shi. Journe ya nemi mutum 20 da suka yarda da shi, suka ba da kafin alƙalami a kan agogon da ba su gani ba, da kuɗin ya tayar da masana'anta. Waɗannan guda 20, kowanne da lambarsa a fuska, yau suna cikin abin da masu tarawa suka fi farauta. A fuskar kowane agogonsa yana rubuta kalmomin Latin da ke nufin shi ya ƙirƙira, shi ya ƙera, al'adar maƙeran Faransa na da.

Shi ma silsilar ba ta tsaya a kansa ba. Rexhep Rexhepi, wanda aka haifa a Kosobo a 1987 ya zo Jeniba yana yaro a lokacin yaƙi, ya fara koyo a Patek Philippe, ya yi aiki a wurin Journe, sannan ya buɗe shagonsa Akrivia a 2012. A 2018 ya ci kyautar agogon maza a gasar GPHG ta Jeniba. Bayan haka ya lallaso Jean-Pierre Hagmann, tsohon gwanin ƙera gidan agogo da ya riga ya yi ritaya, ya dawo bakin aiki yana koya wa matasa.

Tashin gwauron zabo

Ana ƙiyasta cewa Rolex na fitar da agogo wajen miliyan ɗaya a shekara. Journe bai kai 1,000 ba. Shagon Roger Smith bai kai 20 ba. Da annobar korona ta zaunar da masu kuɗi a gida, gwanjo ya koma intanet, sai wannan ƙaranci ya haɗu da sababbin masu nema. A 2021 dillalan A Collected Man na Landan suka sayar da ɗaya daga cikin agogunan Dufour masu ƙararrawa, wanda asalinsa an yi shi ne don Sarkin Brunei, a kan dala miliyan 7.63. A Nuwamban 2024 Phillips ya sayar da wani agogon hannu da Journe ya ƙera a 1993, tun kafin ya kafa kamfani, a kan faran miliyan 7.3 na Suwizalan. Simplicity da Dufour ya riƙa sayarwa ƙasa da dala 50,000 ya koma na ɗaruruwan dubbai, wasu suka haura miliyan.

Irin wannan riba aljihun wanda ya saya da wuri take shiga, ba na maƙerin ba. Ta kuma jawo 'yan kasuwa da ba ruwansu da lungu ko linzami, su saya yau su kai gwanjo baɗi, abin da ya sa maƙera da yawa suka fara tantance wanda za su sayar wa. Sannan zaman kai ba ya nufin babu inji: masana'antar Journe tana yanka kayanta da injunan kwamfuta, kuma yawancin maƙeran nan suna zana aikinsu a kwamfuta kafin su taɓa ƙarfe. Gogaggen mai tarawa yana tambaya ne a kan wane sashe aka yi a cikin gida, wane aka sayo, wa ya goge, wa ya harhaɗa, kuma wa zai gyara shi nan da shekara hamsin.

In mai suna ya kau

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce raunin harkar. Kamfani yana iya kai shekara ɗari biyu, mutum ba ya kaiwa. Daniels ya warware tasa ta hanyar almajiri: da ya rasu a 2011 ya bar wa Smith shagonsa da duk kayan aikin da ke ciki. Dufour ya haɗa kai da Robert Greubel da Stephen Forsey suka ɗauki wani malamin makarantar agogo ɗan Faransa, Michel Boulanger, suka koya masa ƙera agogo da tsofaffin kayan aiki, ana ɗaukar kowane mataki a hoto da rubutu don na baya. Agogon farko na shirin an yi gwanjonsa a 2016. Journe kuwa a 2018 ya sayar wa Chanel kashi 20 cikin 100 na kamfaninsa.

Akwai hanya ta huɗu, wadda Daniel Roth ya bi ba don yana so ba. Roth na cikin waɗanda suka farfaɗo da sunan Breguet a shekarun 1970, kafin ya kafa nasa a ƙarshen shekarun 1980. Matsin kuɗi ya sa ya shigo da masu jari, rinjaye ya koma hannun dillalan The Hour Glass na Singafo, a 2000 kuma Bulgari ya saye kamfanin. Roth ya fita ya bar sunansa a hannun wasu, ya ci gaba da ƙera agoguna ƙalilan a Le Sentier da wani suna dabam, Jean Daniel Nicolas. Rukunin LVMH, wanda ya saye Bulgari a 2011, ya sake tayar da sunan Daniel Roth a 2023 da agogo 20 da aka sayar ta hanyar biya kafin ƙira.

Ke nan a kasuwa akwai agogunan Daniel Roth na zamani uku, duk da suna ɗaya a fuska. Masu tarawa ba sa yi musu kuɗin goro. Na farkon shekarun 1990, lokacin da mai sunan ke zaune a kan teburin aiki, su ake warewa a kundin gwanjo, kuma sun fi waɗanda aka yi bayan fitarsa daraja a wurinsu.